Kofin lakuros na jami'o'in Amurka: me ya sa lissafin zakaru ke saɓawa?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Baltimore, ya kamu da son wani wasa wai shi lakuros. Ya ce mini jami'ar Johns Hopkins ta ci kofin ƙasa sau 44, amma da na duba sai na ga an rubuta 9. Syracuse ma wani wuri 10, wani wuri 11. Wa ke da gaskiya, kuma yaushe aka fara wannan gasa?

Amsa: Alhaji, da kai da yaronka duk kuna kan gaskiya, sai dai ba abu ɗaya kuke ƙirgawa ba. Gasar da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ke shiryawa ta fara ne a 1971. Daga lokacin zuwa 2025 Johns Hopkins ta ɗauki kofin sau 9. Sauran 35 ɗin kambun zamanin da ne, lokacin da ba a yin wasan ƙarshe, sai dai a duba sakamakon kaka ko a zauna a zaɓa. Mutanen Hopkins kan haɗa tsoho da sabo su ce 44, kuma ba ƙarya suka yi ba. Maganar Syracuse kuwa kan kofi ɗaya take, na 1990, wanda ta ci a fili, daga baya hukuma ta soke shi a ofis. Zan zo kansa.

Bari in fara faɗin yadda wasan yake, don labarin ba zai zauna ba sai da haka. Mutum 10 ne a kowane ɓangare: mai tsaron raga, 'yan baya 3, 'yan tsakiya 3, 'yan gaba 3. Kowa yana riƙe da sanda mai 'yar raga a kanta. Da ita ake cafe ƙwallon roba mai tauri, a ruga da shi, a wurga. Ragar ci ƙafa 6 ce tsayi da faɗi, kuma ba a ƙarshen fili take ba. Akwai sarari a bayanta, daga nan ma ake ƙulla hare-hare da yawa. An zagaye ragar da da'ira wadda ɗan gaba ba ya takawa. Ana yin zango 4, kowanne minti 15. Idan aka ci, ba a miƙa wa wanda aka ci ƙwallo. Ajiye shi ake yi a tsakiyar fili, mutum biyu su duƙa su yi ja-in-ja da sanduna har ɗaya ya ƙwace. Saboda haka ƙungiyar da ke da gwanin wannan ja-in-ja tana iya zura 5 ko 6 a jere abokan karawarta ba su ko taɓa ƙwallo ba. Ka riƙe wannan, domin shi ya sa ba a cewa wasa ya ƙare a lakuros sai an hura usur.

Asalin wasan na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman ƙawancen ƙabilu shida da ke kiran kansu Haudenosaunee, waɗanda Turawa suka sani da Iroquois. Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya ambaci wasan a 1636 a cikin mutanen Huron. A 1867 wani likitan haƙori na Montreal, George Beers, ya tsara masa dokoki irin na Turawa, ya rage yawan 'yan wasa, ya ƙayyade fili. Shekara goma bayan haka, a 1877, Jami'ar New York da Kwalejin Manhattan suka buga wasan farko tsakanin manyan makarantun Amurka. Kafin a fita shekarun 1880, Harvard da Princeton da Yale da Hopkins duk sun shiga, an kafa ƙungiyar makarantu, an fara naɗa zakara duk shekara.

To, yadda ake naɗin ne matsalar. Daga 1936 ƙungiyar lakuros ta jami'o'i ta riƙa ba da kofin tunawa da Wilson Wingate, wani ɗan jaridar wasanni na Baltimore, kuma kwamiti ne ke yanke wa za a ba. Ka ɗauka a ce takobin kokawa na Nijar, maimakon 'yan kokawa biyu na ƙarshe su shiga fili su kara, sai dattawa su zauna su ce wane muka ga ya fi ƙarfi bana. Ko dattawan adalai ne, ba za a rasa ƙorafi ba. Makarantun ba sa haɗuwa da juna duka, kowa da jadawalinsa. Idan an rasa yadda za a yi sai a raba kambun: a 1959 mutum uku suka raba, Maryland da Hopkins da kwalejin sojan ƙasa ta West Point, a 1967 ma uku, a 1970 ma uku, Hopkins da Virginia da kwalejin sojan ruwa ta Annapolis. Kuma kusan duk shekarun nan kofin bai fita daga hannun makarantu biyar ba: Hopkins, Maryland, sojan ruwa, sojan ƙasa, sai Princeton. Uku daga cikinsu a jihar Maryland suke.

Ba ina cewa waɗannan kambu na banza ba ne. Sojan ruwa a ƙarƙashin koci Willis Bilderback sun riƙe sarauta shekara 8 a jere, daga 1960 zuwa 1967, kuma ƙarfinsu ba na takarda ba ne. Hopkins ita ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1928 da ta 1932, lokacin da aka nuna wasan a matsayin gwaji, kuma sai da ta doke wasu a wasannin tantancewa kafin ta samu gurbin. Amma tsarin yana cutar da duk wanda ke nesa da Baltimore. A 1957 Syracuse ta gama kaka ba a doke ta ba. A cikinta akwai Jim Brown, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan ƙwallon zari-rugan Amurka, kuma har yau akwai masu cewa ba a yi ɗan lakuros kamarsa ba. Mai tsaron ragarsu shi ne Oren Lyons, wanda ya zama babban dattijon al'ummar Onondaga, ɗaya daga cikin ƙabilun Haudenosaunee. Hopkins ma ba a doke ta ba a shekarar, ba su haɗu ba, aka ba Hopkins kofi. A 1970 kuma Cornell ta ci duk wasanninta, amma da aka tashi raba kambu uku ba a sa da ita ba, wai abokan karawarta ba su da ƙarfi.

Shi ya sa abin da ya faru a 1971 yake da nauyi a wurina. NCAA ta karɓi ragama, ta zaɓi ƙungiyoyi 8, aka yi sili ɗaya ƙwale. Cornell ɗin nan da aka tsallake bara ta fitar da sojan ƙasa da ci 17 da 16, sannan a filin Hofstra da ke Long Island ta doke Maryland 12 da 6. Kocinta Richie Moran ne, ɗan Long Island wanda shi kansa ya yi wa Maryland wasa. A karo na farko da aka bar fili ya yi hukunci, sai ya ba wanda kwamiti ya hana.

Akwai wani sauyi da ya zo daidai wannan lokaci wanda ba a cika haɗa shi da tarihin gasar ba, alhali ya kamata. Kafin 1970 sandunan itace ake amfani da su, kuma yawancinsu masassaƙan Mohawk, wata ƙabilar Haudenosaunee, ne ke yin su da hannu a yankin Akwesasne, kan iyakar Amurka da Kanada: a turara itacen, a lanƙwasa, a bar shi ya bushe watanni, a saƙa masa raga da fata. Kowace sanda da halinta, kuma samunta da wuya. A 1970 kamfanin STX na Baltimore ya fito da kan sanda na roba, mara nauyi, wanda na dama da bahago duk za su iya riƙewa. Cikin 'yan shekaru itace ya ɓace daga filayen jami'o'i. Wasan ya ƙara sauri, ci ya yawaita, makarantun sakandare suka samu kayan wasa da araha. Ta ɗaya gefen kuma, sana'ar da ta rage wa masu wasan na asali a cikinsa ta durƙushe.

Shekarun 1970 na makarantu huɗu ne. Virginia ta ci a 1972, Maryland a 1973 da 1975, Hopkins a 1974, shekarar da tsohon kocinta Bob Scott ya yi ritaya. Sai Cornell ta dawo da ƙungiyar da har yau ake auna sauran da ita. Wasan ƙarshe na 1976 shi ne na farko da ya haɗa ƙungiyoyi biyu da ba a doke ko ɗaya ba, Cornell da Maryland. Maryland ta yi nisa a gaba, Cornell ta kamo ta, aka tafi ƙarin lokaci, aka tashi 16 da 13. A wancan zamanin ƙarin lokaci ana buga shi ne har ya cika, ba kamar yanzu da ci ɗaya ke rufe wasa ba. 'Yan gabansu biyu, Mike French ɗan Kanada da Eamon McEneaney, sun zama abin kwatance. McEneaney yana cikin waɗanda suka rasu a harin 11 ga Satumba, 2001, a New York. Cornell ta sake ci a 1977, ta jera wasa 42 ba faɗuwa, har sai da Hopkins ta tare ta a wasan ƙarshe na 1978 da ci 13 da 8. Daga nan Hopkins ta Henry Ciccarone ta kwashe uku a jere, 1978 da 1979 da 1980. North Carolina ta shigo a 1981 da 1982, kuma kocinta Willie Scroggs ɗan gidan Hopkins ne, wato da dabarar gida aka ci gida.

Yanzu ga Syracuse. A wasan ƙarshe na 1983 Hopkins tana gaba da 12 da 5 a zango na uku. Syracuse ta riƙa ƙwace ƙwallo a tsakiya tana zurawa, har aka tashi 17 da 16. Wannan ne kofinta na farko a NCAA, a hannun Roy Simmons ƙarami, wanda ya gaji mahaifinsa a kujerar koci, kuma shi ma ya yi wasa a ƙungiyar nan ta 1957 da aka hana kambu. Simmons mai zane da sassaƙa ne, kuma haka ya ɗauki wasan: a bar yara su gudu, su gwada abin da zuciyarsu ta ba su. Daga 1983 zuwa 2004 Syracuse ba ta taɓa rasa zuwa wasan kusa da na ƙarshe ba, shekara 22 a jere.

Ƙololuwar wannan zamani su ne tagwaye Gary da Paul Gait, daga lardin British Columbia na Kanada. Sun tashi ne da lakuros na cikin ɗaki, wanda ake bugawa a filin hoki bayan ƙanƙara ta narke, inda wuri ya matse, raga ƙarama ce, sai mai hannu da wayo ke ci. Suka kawo wa filin ciyawa wurgi ta bayan kai da ta bayan baya da ba a saba gani ba. A wasan kusa da na ƙarshe na 1988 da Pennsylvania, Gary ya taso daga bayan raga, ya daka tsalle daga wajen da'ira, ya dangwara ƙwallo cikin raga ta sama kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Sau biyu ya yi haka a wasan. Babu dokar da ta hana, don babu wanda ya taɓa tunanin za a yi. Daga baya hukuma ta haramta. Syracuse ta ci 1988, ta ci 1989 bayan ta sha da ƙyar a hannun Hopkins 13 da 12, sannan a 1990 ta lallasa Loyola 21 da 9 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya a kakar ba.

Wannan na 1990 shi ne kofin rigima. Bayan shekaru, bincike ya nuna matar koci ta tsaya wa Paul Gait a bashin sayen mota. A dokar NCAA ta lokacin wannan alfarma ce da ba a yarda ɗan wasa ya samu ba, don haka aka ce bai cancanci buga gasar ba, aka soke kofin. Ba a miƙa shi ga Loyola ba. A littafin hukuma gurbin 1990 fanko ne. Hukuma na cewa 10, Syracuse da magoya bayanta na cewa 11. Idan ra'ayina kake so, hukuncin ya fi laifin girma nesa ba kusa ba. Sa hannu a takardar bashi bai zura ƙwallo 21 ba, kuma yaran da suka sha wahalar kakar ba su da hannu a ciki. Sai dai idan yaronka zai rubuta a takarda, 10 zai rubuta, ya yi bayani a ƙasa.

Wanda ya taka wa gudun Syracuse birki mutum ne mai hali akasin na Simmons. Bill Tierney ya karɓi Princeton a 1988 tana ƙasan tebur. Kakarsa ta farko wasa 2 kacal suka ci. Princeton tana cikin rukunin tsofaffin jami'o'in da ba sa ba da tallafin karatu don wasa, saboda haka ba ta iya sayen gwanaye. Tierney ya gina tsaro: da zarar an wuce ɗan baya ɗaya, na kusa ya taso ya tare, na bayansa ya toshe gurbinsa, kowa ya san inda zai koma. A gaba kuma a riƙe ƙwallo, a ƙi yin gaggawa. A 1992 suka doke Syracuse 10 da 9 a ƙarin lokaci na biyu. Cikin shekara 10, daga 1992 zuwa 2001, suka ɗauki kofi 6, huɗu daga ciki a ƙarin lokaci. Wanda ya ci wasan ƙarshe sau huɗu da ƙwallo ɗaya tak ba sa'a ce kaɗai ke tare da shi ba. Shekara uku a jere, 2000 da 2001 da 2002, Princeton da Syracuse ne a wasan ƙarshe. Amma salon Tierney ya bar baya da ƙura. Kociyoyi suka kwaikwayi riƙe ƙwallon, wasa ya riƙa yin sanyi, har aka kai wasan ƙarshe na 2010 ya tashi 6 da 5. Sai a 2019 aka sa agogon daƙiƙa 80 da ke tilasta wa mai ƙwallo ya kai hari, kuma a ganina wannan na cikin gyare-gyare mafi amfani da aka yi wa wasan.

Ita kanta gasar tana ta girma a tsakanin nan. Ƙungiyoyi 8 suka zama 10 a 1986, 12 a 1987, 16 a 2003, yanzu har da wasannin share fage. Tun 1986 ake haɗa wasannin kusa da na ƙarshe da na ƙarshe a gari ɗaya, a ƙarshen makon hutun tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi: a buga biyu ranar Asabar, a rufe ranar Litinin ta ƙarshen Mayu. Hutun kwana ɗaya ke nan tsakanin manyan wasanni biyu, cikin zafi, abin da ke sa ƙungiya mai yawan 'yan canji ta fi cin riba. A 2003 aka koma manyan filayen ƙwallon zari-ruga na ƙwararru, aka fara da Baltimore, kuma a 2008 kusan mutum 49,000 suka kalli wasan ƙarshe a Foxborough kusa da Boston. Wannan duk gasar rukuni na ɗaya ce, ta manyan makarantu. Akwai kuma gasar rukuni na biyu tun 1974 da na uku tun 1980, inda ƙaramar kwalejin Hobart ta ci 12 na farko a jere.

Duk da wannan girma, ga abin da nake so ka lura da shi. Daga 1978 zuwa 2009, shekara 32, makarantu biyar ne kawai suka ci: Hopkins, North Carolina, Syracuse, Princeton, Virginia. An kawar da kwamiti, amma gidan bai buɗe ba. Dalilin a bayyane yake. Gwanayen yara daga wurare kaɗan suke fitowa: makarantun kuɗi na Baltimore, garuruwan Long Island, tsakiyar jihar New York, makarantun kwana na New England, sai Kanada. Kayan wasa da tafiye-tafiyen gasar yara suna cin kuɗi. Manyan jami'o'in kudu da yamma masu kuɗin zari-ruga kuwa ba su yi gaggawar buɗe ƙungiyar maza ba, domin dokar 1972 ta daidaita damar maza da mata tana sa su ƙara wa mata guraben wasa duk lokacin da suka ƙara wa maza. Har yanzu makarantun rukuni na ɗaya 70 da 'yan kai ne, mafi yawansu a gabashin ƙasar.

Duke ce ta fasa ƙofar a 2010, kuma ta zo ne daga cikin bala'i. A 2006 an zargi 'yan wasanta uku da fyaɗe, aka dakatar da kakarsu, koci ya bar aiki. A 2007 babban lauyan jihar North Carolina ya bayyana cewa ba su da laifi, kuma mai gabatar da ƙarar ya rasa lasisinsa na lauya. John Danowski ya karɓi ƙungiyar, ya kai ta wasan ƙarshe a 2007, ya ci a 2010 da 2013 da 2014. Bayan Duke sai sababbi suka biyo. Loyola ta ci a 2012 a hannun Charley Toomey, wanda shi ne mai tsaron ragarta ranar da Syracuse ta zura mata 21. Tierney, wanda ya bar Princeton ya koma Denver, ya ci a 2015, karo na farko da kofi ya bar gabashin ƙasar. Yale ta ci a 2018, rabonta da kambu tun 1883. Notre Dame ta ɗauka a 2023 da 2024 bayan kocinta Kevin Corrigan ya shafe sama da shekara 30 yana nema. A 2020 annobar korona ta hana gasar.

Maryland ta cancanci a tausaya mata kuma a jinjina mata. Tsakanin kofinta na 1975 da na 2017 ta je wasan ƙarshe sau 9 tana dawowa hannu rabbana. A 2022 ta ci wasa 18 ba faɗuwa, ta ɗauki kofi. A 2025 kuma Cornell ta doke ta 13 da 10, CJ Kirst ya ci 6, Cornell ta kawo ƙarshen jiran da ta fara tun 1977. Lissafi zuwa 2025 ke nan: Syracuse 10, Hopkins 9, Virginia 7, Princeton 6, North Carolina 5, Maryland da Cornell 4 kowacce, Duke 3, Notre Dame 2, sai Loyola da Denver da Yale ɗaya ɗaya. Hopkins ɗin yaronka rabonta da kofi tun 2007.

Tun da a Baltimore yake, ka ce ya bincika labarin Morgan State, jami'ar baƙaƙen fata ta garin. Ta kafa ƙungiya a 1970, kuma a 1975 ta doke Washington and Lee, wadda a lokacin tana sahun gaba a ƙasar. Ɗaya daga cikin 'yan wasan Morgan na farko, Miles Harrison, shi ne mahaifin Kyle Harrison, wanda ya jagoranci Hopkins ta ci kofin 2005 ba a doke ta ba, ya kuma zama baƙar fata na farko da ya karɓi lambar gwarzon shekara.

Wannan lamba sunanta Tewaaraton, sunan wasan a harshen Mohawk, kuma a nan ne tarihin gasar yake da bashin da bai gama biya ba. A wurin Haudenosaunee lakuros kyauta ce daga Mahalicci, suna buga shi don neman waraka ga mara lafiya, suna sa wa jariri 'yar sanda a shimfiɗarsa, suna binne mamaci da tasa. Duk da haka, a 1880 hukumar wasan ta Kanada ta hana 'yan asalin ƙasa shiga gasarta, da hujjar wai suna karɓar kuɗi. Ƙasar Onondaga 'yan kilomitoci ce kudu da birnin Syracuse, kuma dangantakar gidan Simmons da mutanenta na cikin abin da ya ba wasan Syracuse ɗanɗanonsa. A wasan ƙarshe na 2009 Cornell tana gaba da 9 da 6 saura 'yan mintoci, Syracuse ta farke ana saura ƙasa da daƙiƙa 5, kuma wanda ya ci ƙwallon ƙarin lokaci shi ne Cody Jamieson, ɗan Mohawk. Idan za ka kalli wasa ɗaya don ka gane abin da ya kama yaronka, wannan za ka nema. Amma an fara ba da lambar Tewaaraton a 2001, kuma sai a 2014 ɗan asalin ƙasa ya karɓe ta, lokacin da 'yan uwan juna Lyle da Miles Thompson na jami'ar Albany, waɗanda suka tashi a Onondaga, suka raba ta. Lyle ya sake ɗauka a 2015, ya bar jami'a da maki 400 na ci da taimakon ci.

Haudenosaunee suna da tasu ƙungiyar ƙasa tun 1983, kuma suna tafiya da fasfonsu na kansu. A 2010 Birtaniya ta ƙi karɓar fasfon, suka rasa gasar duniya ta Manchester. Sun zo na uku a duniya a 2014 da 2018 da 2023, bayan Amurka da Kanada, duk da ƙarancin jama'arsu. Da aka so barin su a baya a wasannin duniya na 2022, Ireland ce ta janye don ta ba su gurbinta. Lakuros zai dawo Olamfik a Los Angeles a 2028, da tsarin mutum shida shida, kuma dokar kwamitin Olamfik ita ce sai ƙasar da ke da kwamitin Olamfik da aka amince da shi, abin da Haudenosaunee ba su da shi. A Disamban 2023 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya fito ya goyi bayan a bar su su shiga da tutarsu, amma hukuncin yana hannun kwamitin Olamfik ne.